Lissafin asarar bala'i a Kodebuwa: Shin buhun albasar Adjamé zai shiga kwamfuta?

Duk wanda ya yi damina ɗaya a Abijan ya san abin da watan Yuni yake zuwa da shi. Ruwa ya kwana yana zuba, gari ya waye mahaɗar Indénié ta koma tafki, gbaka ta tsaya cik, kowa ya naɗe ƙafar wando yana laluben hanya. A irin wannan safiya ce wani maƙwabcina, mutumin Tawa mai sayar da albasa a Adjamé, ya buɗe sitonsa ya tarar ruwa ya kai gwiwa. Yawancin buhunan bashi ne, an aiko masa daga gida a kan sai ya sayar ya biya. Kafin kwana uku albasar ta ruɓe. Babu jami'in da ya zo ya tambaye shi nawa ya yi asara, shi ma bai je ko'ina ya faɗa ba. Ya ce ƙaddara ce, muka ce Allah Ya mayar da alheri, magana ta mutu.

To, a takardun hukuma wannan asara ba ta taɓa faruwa ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

A watan Maris na 2015 ƙasashen duniya suka amince da yarjejeniyar Sendai a Japan, wadda za ta yi aiki har zuwa 2030. A cikinta kowace ƙasa ta ɗauki alƙawarin rage yawan masu mutuwa a bala'o'i, da waɗanda abin ke shafa, da dukiyar da ke salwanta, da ɓarnar da ake yi wa asibitoci, makarantu da hanyoyi. Ba a sanin an rage abu sai an ƙirga shi, shi ya sa ake son kowace ƙasa ta mallaki rumbun bayanai na asarar bala'o'i. Ƙasashe da dama, har da Nijar da Mali da Senegal, sun yi amfani da manhajar DesInventar wadda masana a yankin Latin Amurka suka ƙirƙiro tun shekarun 1990. Yanzu kuma ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da rage haɗarin bala'o'i, tare da hukumar UNDP da hukumar kula da yanayi ta duniya, sun fito da sabon tsari da zai gaje ta. Irin wannan sauyi da kwangila yake tafiya: a ɗauko ƙwararren masanin kwamfuta na wasu watanni, ya gyara rumbun, ya kwashe tsofaffin bayanai zuwa sabon wuri, ya horar da ma'aikata, ya rubuta rahoto.

Ni ban ga laifin wannan ba. Bayan ambaliyar daren 18 zuwa 19 ga Yunin 2018, wadda ta kashe aƙalla mutum 18 a Abijan, an zauna an ƙiyasta ɓarnar da aka yi, kuma a 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 315 don aikin magudanan ruwa da tsabtace birane a ƙasar. Haka ma asusun biyan asarar sauyin yanayi da aka amince da kafawa a taron Sharm el-Sheikh na 2022, babu ƙasar da za ta je gabansa da kuka kawai. Sai da lissafi a hannu. Wanda bai shiga lissafi ba, ko an zo rabo ba za a kira sunansa ba.

Damuwata ita ce abin da za a zuba a cikin rumbun. Kwamfuta kamar tukunya take, abin da ka sa mata shi za ta dafa maka. Rumbun bayanan EM-DAT na Beljiyam, wanda duniya ta fi dogaro da shi, ba ya rubuta bala'i sai mutum 10 sun mutu, ko ya shafi mutum 100, ko an kafa dokar ta-ɓaci, ko an nemi agajin waje. Zaftarewar ƙasa ta Anyama a Yunin 2020 za ta shiga, domin ta ci rayuka fiye da goma. Amma shago biyar da suka ƙone da tsakar dare saboda wayar lantarki, ko sito uku da ruwan kwata ya shiga, wa zai rubuta su? Alhali waɗannan ƙananan su ne suke cinye jarin talaka shekara bayan shekara. Amfanin rumbu na ƙasa ke nan, ya kama abin da na duniya ya tsallake.

Dattawanmu na Treichville har yau suna ba da labarin gobarar babbar kasuwa ta 1997. Ka tambaye su, za su lissafo maka wanda ya koma gida hannu rabbana, da wanda bai sake tashi ba har ya bar duniya. Wannan ilimi yana cikin kawunansu, kuma kullum raguwa suke yi.

Sai kuma maganar tsoro, wadda ba a cika son faɗa a fili ba. Ƙidayar 2021 ta nuna kashi 22 cikin ɗari na mazauna Kodebuwa ba 'yan ƙasa ba ne. Da yawan 'yan'uwanmu suna cikin wannan kaso, wasu takardunsu ba su cika ba, wasu haya suke a ɗakin da ko mai gidan ba shi da takardar fili. Mutumin da ya ga yadda aka rushe Gesco da Boribana a farkon 2024 da sunan raba jama'a da wuraren haɗari, ka zo masa da waya kana tambayar sunansa da lambar ɗakinsa da inda ruwa ya kai, me kake tsammani zai ce maka? Zai ce lafiya lau, ba abin da ya faru. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na yarda akwai gangaren da bai kamata ɗan'adam ya kwana a ƙarƙashinsa ba, Mossikro shaida ce. Amma in jama'a suka fahimci cewa duk wanda ya ba da rahoton asara ya kira wa kansa katafila, rumbun zai cika da ƙarya, komai tsadar manhajar.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya kamata a rubuta cikin duk kwangilar da za a bayar. Na farko, gobarar kasuwa da ƙaramar ambaliya su sami gurbi, kuma a raba asarar mai gini da ta ɗan haya mai kaya. Na biyu, a karɓi rahoto ko mutum ba shi da rasit, da shaidar shugabannin kasuwa, kuma a karɓa da Jula da Hausa da Mosanci ta saƙon murya, tunda ba kowa ke rubuta Faransanci ba. Na uku, a killace sunayen mutane kamar yadda dokar kare bayanan sirri ta 2013 ta tanada, kada su zama jerin waɗanda za a kora. Na huɗu, hukumar kare fararen hula ta ONPC da 'yan kwana-kwana da ofisoshin magadan gari su riƙa zuba bayanansu wuri guda, a kuma buga jimillar kowace unguwa kowa ya gani. Na ƙarshe, kada ƙwararren ya tafi da makullin a aljihunsa. A bar ma'aikata 'yan ƙasa da suka iya gyara, da kuɗin kula da rumbun a kasafin kowace shekara. Mun sha ganin aikin da ya mutu ranar da kuɗin masu tallafi suka ƙare.

Mu ma da namu laifin. Ɗan kasuwa zai juya miliyoyin sefa amma lissafinsa duk a ka yake, ko a ɗan littafin da ke cikin shagon da zai ƙone tare da kayan. Me zai hana ka ɗauki hoton kayanka da shafin littafinka duk ƙarshen wata, ka tura wa ɗanka ko ƙaninka ya ajiye? Me zai hana sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da kwamitocin masallatai a Adjamé da Treichville su buɗe littafi guda, duk wanda gobara ko ruwa ya taɓa a rubuta rana da wuri da ƙimar abin da ya rasa? Ranar da hukuma ta zo tambaya, sai a miƙa mata a rubuce.

Masu cewa ƙirga asara kamar jayayya da ƙaddara ne, su tuna da Annabi Yusuf, Alaihissalam, wanda ya auna hatsin shekara bakwai ya adana saboda yunwar da ke tafe. Maƙwabcina ya ɗauki shekara biyu yana biyan bashin albasar nan, kuma sitonsa yana nan a inda yake, bakin kwatar da ba a yashe ba. Allah Ya kare mu da dukiyoyinmu, Ya sa masu riƙe da alƙalamin lissafi su tuna da irinsa.