Filin Tamaula: Marcel Desailly a Milan da Landan

A wannan wata za mu waiwayi Marcel Desailly, mai tsaron bayan Faransa, wanda aka haifa a Akra ta ƙasar Gana a 1968, aka tafi da shi Faransa yana ɗan shekara 4.

A Nantes ya koyi sana'ar, sannan ya koma Marseille a 1992. A watan Mayu na 1993 suka doke AC Milan da ci ɗaya da nema a birnin Munich, suka ɗauki kofin zakarun Turai. Abedi Pele ne ya bugo kwana, Basile Boli ya sa kai. Kafin shekarar ta ƙare, waɗanda aka doke ɗin sun saye Desailly.

To, a nan fa maganar take. Ya isa Italiya ya tarar gidan baya a cike: ga Baresi, ga Costacurta, ga Maldini, ga Tassotti. Wa za a tayar a ba baƙo wuri? Kuma a lokacin doka ba ta yarda kulob ya sa baƙi fiye da 3 a fili ba. Sai mai horarwa Fabio Capello ya ce masa ya matsa tsakiya, ya tsaya gaban waɗannan dattawa yana kwace ƙwallo. Mu malamai mun san irin wannan: an horar da kai kan lissafi, ka je sabuwar makaranta a miƙa maka labarin ƙasa. Wani sai ya yi ta gunaguni har zango ya ƙare. Desailly karɓa ya yi. A kakar 1993/94 sau 15 kacal aka ci Milan a wasanni 34, suka ɗauki kofin ƙasa duk da ƙwallo 36 kawai suka zura.

A wasan ƙarshe na Turai da Barcelona, a Athens cikin Mayu 1994, an dakatar da Baresi da Costacurta. Kowa ya zaci za a mayar da shi baya. Ina! Capello ya bar shi a tsakiya, ya hana yaran Cruyff sakat, har shi ya ci ta huɗu aka tashi 4 da nema. Kofi biyu ke nan a jere, da riga daban-daban.

A 1998 ya koma Chelsea, ya sake zama mai tsaron baya tare da Frank Leboeuf. Wasan Ingila na gudu da ture bai zo masa da sauƙi ba da farko, amma ya ci kofin FA a 2000, ya zama kyaftin a 2001, kuma a gefensa John Terry ya goge. A ganinmu, babban aikinsa a can shi ne ƙwallon da ya ci Liverpool da kai a wasan ƙarshe na kakar 2003, wanda Chelsea ta ci 2 da 1 ta samu gurbin gasar zakarun Turai. Bayan 'yan makonni Roman Abramovich ya sayi kulob ɗin.

Kofin Firimiya kam bai taɓa shi ba. Ya tafi Katar a 2004, Chelsea ta ɗauka a 2005, shi kuma ya rataye takalmi a 2006.