Hoton Ruwa Mai Gudu

Uwargida, idan kun samu zuwa magangarar ruwa ta Gurara a jihar Neja, kada ki dawo da hoto birkitacce. Hoton baƙi da fari ba shi da launin da zai rufa miki asiri, tsari kaɗai ake kallo. In kika bar idon kyamara a buɗe daƙiƙa 2 zuwa 5, ruwan zai fito sumul kamar auduga. To, sai ki nemi baƙin dutse guda, ki sa shi a gaba, ɗan gefe, ya riƙe idon mai kallo. Girke kyamarar bisa ƙafafunta, don hannu rawa yake yi. Ki ɗauka da sassafe, hasken tsakar rana wanke hoton yake yi fari fat. Sama kuwa, in babu gajimare, rage ta.