Wasiƙa Zuwa ga Magina Game da Tagar Tsira

Zuwa ga shugabannin magina, da 'yan kwangila, da kafintoci, da masu walda, iyayena da 'yan'uwana a wannan sana'a mai albarka. 

Na san kukan da kuke yi a kan dokokin gini, kuma kuka ne na gaskiya, domin magini da ya gama aiki a Abuja bisa sharuɗɗan sashen kula da gine-gine, idan ya ɗauki zanen nan ya kai wa KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, ba mamaki ya tarar abin da aka matsa masa a kai can ba a ko tambaye shi nan ba. Asalin wannan saɓani ba ɓoyayye ba ne. A shekarar 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a shari'ar da Jihar Legas ta shigar, cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Saboda haka Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa da aka fitar a 2006 bai zama wajibi a ko'ina da ko'ina ba, sai gwargwadon abin da kowace jiha ta ɗauka. Shawarata a nan gajera ce: kafin a haƙa harsashi, ku je ofis da kanku, ku nemi sharuɗɗan a rubuce, da sa hannu da hatimi, domin maganar baki takan tafi da jami'in da ya faɗe ta ranar da aka canja masa wurin aiki.

Sai dai akwai mas'ala guda wadda ba na so ku jira ofis a kanta, ita ce tagar da mutum zai fita ta cikinta idan gobara ta tare ƙofa. Gidajenmu na yanzu, waɗanda muka cika da katifun soso da labule da wayoyin lantarki, muka ajiye tukunyar gas a kicin da jarkar man janareta a lungu, sannan muka kewaye kowace taga da ƙarfe saboda tsoron ɓarayi, sun zama wuraren da hayaƙi yake riga wuta kisa, musamman cikin daren hunturu, lokacin da aka rufe ko'ina aka kwanta. A shekarar 2001 ɗalibai 67 suka rasu a gobarar ɗakin kwana na makarantar Kyanguli a ƙasar Kenya, alhali tagogin ɗakin duka da ƙarfe a jikinsu. Wanda kuwa ya san ɗakunan kwanan makarantunmu ya san ba su da nisa da wannan siffa.

Har ƙasashen da suka daɗe da tsara wannan al'amari ba su haɗu a kan awo ɗaya ba. Kundin gidajen zama da yawancin jihohin Amurka suke bi ya shar'anta wa kowane ɗakin kwana mafita wadda buɗinta bai gaza murabba'in mita 0.53 ba, tsayinta aƙalla santimita 61, faɗinta santimita 51, ƙasanta kuma kada ya ɗara santimita 112 daga daɓe. Ingila ta wadatu da murabba'in mita 0.33, da santimita 45 tsayi da faɗi. Idan hukumarku ta yi shiru, ko jami'ai biyu suka ba ku fatawa biyu, ku ɗauki mafi tsanani, domin shi ne ihtiyaɗi, kuma ba jami'in da zai hukunta ku saboda kun wuce abin da ya nema.

Ku lura da kyau, abin awo shi ne sararin da jiki zai ratsa bayan an buɗe, ba ramin da birkila ya bari a bango ba. Tagar gilashi mai zamiya rabinta kaɗai ke buɗewa, don haka wadda faɗinta ƙafa uku ne ba za ta ba ku fiye da kimanin santimita 40 ba, kuma wannan ya kasa awon ƙasashen biyu. Haka nan tagar da aka ɗaga sama kusa da linta domin sutura, ko da tana da faɗi, yaro da tsohuwa ba za su kai gare ta cikin duhu ba.

Ku kuma masu walda, maganata ta fi nauyi a kanku. Ban ce a daina sa ƙarfe ba, domin tsoron mai gida yana da dalili. Abin da nake roƙo shi ne, a kowane ɗakin kwana a sami taga guda wadda ƙarfenta zai buɗe kamar ƙofa, da sakata daga ciki, a rufe bayanta da farantin ƙarfe yadda hannu daga waje ba zai kai ba. Kada a sa kwaɗo, domin makulli yakan ɓata, ko ya kasance a aljihun wanda ya yi tafiya. Kafin ku karɓi cikon kuɗinku, ku kira ƙaramin yaron gidan ya gwada buɗewa a gabanku.

Mai gida zai ce kuɗi ya ƙaru, wani ma ya ce kun buɗe wa ɓarawo hanya. Ku amsa masa da ladabi, ku tuna masa cewa malamanmu na usulu, da suka jero laruran nan biyar da shari'a ta zo ta kiyaye, sun gabatar da rai a kan dukiya. Kuma Ibnur Rami, wanda ya rubuta littafin hukunce-hukuncen gini a mazhabarmu ta Malikiyya a ƙarni na 14, magini ne na Tunis wanda alƙalai suke aikawa ya duba gine-gine ya ba da shaida. Idan mai gida ya dage bayan wannan bayani, ku rubuta shawararku a takardar yarjejeniya ya sa hannu. Amma a ginin makaranta, ko asibiti, ko gidan haya, inda masu kwana ba su ne suka zaɓi ƙarfen ba, ra'ayina shi ne ku ƙi aikin.

Wassalam. Naku, mai ƙaunarku saboda Allah.