Soso da Kabewa a Gindin Darni

Wanda ya bi ta Kusa da marka, a ƙasar Jibiya, zai ga darnin waɗansu gidaje ya lulluɓe da fure ruwan ɗorawa. Soso ke nan da kabewa, wani wuri har da garafuni. Amma duk inda katangar bulo ta kori darni, siminti ya rufe tsakar gida, sai wannan shuka ta ɓace, a koma sayen soson roba a kasuwa. Lalle wannan hasara ce.

Mutanen bakin iyaka sun san abin da rufe hanya ke jawowa. An rufe iyakar Nijeriya da Nijar a 2019, aka kuma rufe ta a 2023, ciniki da Maraɗi ya tsaya. Gonar da ke nesa da gari kuwa, tsoron 'yan bindiga ya hana manoma da yawa zuwa. Gindin kabewa guda ba ya ciyar da gida, gaskiya ne, amma ya isa miyar taushe, ga ta tana daɗewa a ɗaki ba ta lalace ba. Soso kuma in ya bushe a kan yaɗonsa, sai a ɓare, a kakkaɓe iri, a samu na wanka da na wanke-wanke har wata damina.

To, ga inda ake yawan kuskure. Furen iri biyu ne a gindi guda, akwai namiji akwai tamata. Namiji ke fara fitowa, ya buɗe da safe, ya bushe ya zube. Sai maigida ya ga fure na zuba babu ɗa, ya ce juya ce, ya tumɓuke. Da ya yi haƙuri kaɗan da ya ga tamatar, wadda ake ganewa da ɗan kumburi a ƙarƙashin furen. Ƙudan zuma ne ke kai mata garin namiji, saboda haka mai fesa maganin ƙwari da hantsi yana korar ma'aikatansa ne. In zuma ta yi ƙaranci, sai a tsinko namijin da sassafe a goga shi a cikin tamatar. Duma ba ta cikin wannan lissafi, furenta fari ne, da dare yake buɗewa.

Masu ƙin abin suna cewa yaɗo yana tara macizai, yana kuma jiƙa katangar ƙasa. Suna da hujja, amma maganinta rumfa ce. A kafa ta nesa da bango kamu biyu ko uku, a ɗora soso sama, a share ƙarƙashi kullum. Ita kabewa a ba ta kusurwar da ake gani. A shuka da saukar damina kusa da inda ruwan alwala ke gangarawa, a sa takin awaki, a kewaye da ƙaya, don awakin da suka ba da takin su ne za su fara zuwa cin ganyen.