Daga Tudun Wada: Kuɗin Mai Gadi Ba Izini Ba Ne



Kwanan baya wani matashin darakta ya same mu a majalisarmu ta Tudun Wada yana ta zumuɗi. Wai ya samu lokeshin na gani na faɗa, harabar wata tsohuwar makarantar mishan mai manyan itatuwa, a nan zai ɗauki waƙar fim ɗinsa. Na ce wa ya ba ka izini? Ya ce ai ya sallami mai gadi. Na ce to, ɗan'uwa, rigima ka sayo da kuɗinka!

Wanda ya san Zariya ya san tarihin irin waɗannan wurare. Tun 1929 mishan ta CMS ta koma Wusasa, aka gina cocin St. Bartholomew. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan, har St. Paul's College ta koma Kufena College. Tun daga lokacin majami'u a faɗin Nijeriya suke kiran a mayar masu da makarantunsu. To filin da coci ke cewa nata ne, hukuma ma na cewa nata ne, wa zai sa maka hannu? In ka biya ɓangare ɗaya, ɗayan zai ce ka ɗauki gefe, alhali kai abinci kake nema.

Ko Turawa ba su tsira ba. A 2005 Westminster Abbey da ke Landan ta hana a ɗauki fim ɗin The Da Vinci Code a cikinta, sai cocin Lincoln ta amince aka biya ta, wata sista kuma ta tsaya a bakin ƙofa tana addu'ar nuna ƙin yarda. A 2023 mawaƙiya Sabrina Carpenter ta ɗauki bidiyon waƙa a wata coci a Brooklyn ta Amurka. Da izinin fada ta shiga, amma da bidiyon ya fito sai bishop ya sauke shi daga shugabancin harkokin cocin.

Kun gani? Izini ma bai wadatar ba in ba a nuna wa masu wuri abin da za a ɗauka ba. Mu tambayi kanmu: in wani ya zo harabar Islamiyyar unguwarmu ya jera 'yan rawa, za mu yi shiru? Garinmu ya sha wahalar rikicin 1987, ba ma bukatar a ce fim ne ya tono wata fitinar.

Saboda haka furodusoshi, ku nemi takarda a rubuce daga masu wurin, ku nuna masu labarin tun kafin kamara ta iso. In kun ji maganar fili tana kotu, ku naɗe kayanku. Ga Dutsen Kufena can, ga madatsar ruwa, wuri bai ƙare ba.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.