A ba ɗaliban rumbun bayanai ƙamus su gina

Duk malamin da ya karɓi darasin sarrafa rumbun bayanai a ajin Masta yana gadon misalai guda uku daga littattafan da aka rubuta a Faransa ko Amurka: kanti da hajarsa, kamfani da ma'aikatansa, banki da masu ajiya. Misalan ba su da laifi, sai dai an riga an share musu hanya. Kowane ma'aikaci yana da lamba ɗaya, kowace haja tana da suna ɗaya, babu abin da zai tilasta wa ɗalibi ya tsaya ya yi tunani. Ra'ayina shi ne, a jami'o'inmu na Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, aikin zango na wannan darasi ya kamata ya zama gina rumbun ƙamus na Hausa, kuma a haɗa ɗaliban kwamfuta da na kimiyyar harshe a rukuni ɗaya.

Tun 1970, lokacin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya gabatar da tsarin adana bayanai cikin jadawalai masu alaƙa da juna, tambayar farko ga mai gini ita ce: mene ne mabuɗin da ke bambanta kowane layi da ɗan'uwansa? Ɗalibin da aka ba ƙamus zai ce kalmar kanta. Sai a ajiye masa "gari", wanda ke nufin birni da gajeren wasali, yake nufin niƙaƙƙen hatsi da dogon wasali. A ƙara masa "kuka": na hawaye, na itaciyar miya, da na "ku da kuka zo". Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka mabuɗinsa ya karye tun ranar farko, kuma dole ya ware gurbin rubutu daban da gurbin furuci. Wannan darasi ne da sa'o'i uku na lacca ba za su dasa shi a kai ba.

Daga nan sai jam'i. Kare yana da karnuka da karnai. Wace ce za ta shiga gurbin, ina za a kai ɗayar? Sai karin harshe: abin da Bakano ke kira fari da tafi, a Adar da Gobir za ka ji hwari da tahi. Wanda ya cusa duk waɗannan a layi guda zai ga rumbunsa ya kumbura da maimaici, ya gyara nan ya manta can. Da hannunsa zai gano dalilin rarraba jadawalai bisa ƙa'ida, abin da ɗalibai da yawa ke haddacewa don jarrabawa kawai.

Inda na fi so malamai su daɗe shi ne jeranta haruffa. Idan manhajar ta jera kalmomi bisa lambobin Unicode tsagwaronsu, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ duk za su faɗa bayan z, ƙasa ta yi nisa da kasa kamar ba dangi ba. Sh da ts kuwa kwamfuta na ganin kowannensu haruffa biyu. Ga kuma iyaka: ƙa'idar rubutunmu ta 1999 tana rubuta ƴa, ta Nijeriya tana rubuta 'ya, kuma alamar da ke gaban y ɗin tana da siffofi fiye da ɗaya a allon rubutu. Mai neman "ƴan'uwa" ya kamata ya samu duka biyun. Manhajoji irin su PostgreSQL da MySQL suna ba da damar zaɓen tsarin jerantawa, amma zaɓen yana taɓa fihirisa, fihirisa kuma tana taɓa saurin bincike. Ga babi uku na darasin sun haɗu a kan harafi ɗaya mai lanƙwasa.

Na san abin da abokan aikinmu na sashen kwamfuta za su ce: ɗalibansu banki da kamfanin waya za su je neman aiki, ba wurin masu ƙamus ba. Gaskiya ne. To amma me ke cikin rumbunan banki da na kamfanin waya da na rajistar haihuwa, in ba sunayen mutane ba? Mutum ɗaya ne Mahamadou a wata takarda, Mamadou a wata, Muhammadu a ta uku. Garin da muke kira Tawa, hukuma na rubuta shi Tahoua. Injiniyan da bai taɓa kokawa da siffofi da yawa na kalma ɗaya ba, shi ne zai gina rumbun da ke mai da ɗalibi guda mutum biyu, ko ya hana tsohuwa kuɗinta saboda harafi. Babin ciniki mai aminci ma bai ɓace ba: editoci biyu da ke gyara kalma ɗaya a lokaci ɗaya matsalarsu ɗaya da masu cirar kuɗi biyu daga asusu guda.

Mu ma ƴan kimiyyar harshe akwai namu rabon zargi. Kowace shekara ana tattara kalmomin noma da saƙa da ƙira daga ƙauyuka, a zuba su cikin Word ko Excel, a kare kundi, shi ke nan. Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934 ba tare da kwamfuta ba, har yau muna buɗe shi. Kalmomin da aka tattara bara kuwa suna kwance a wayar da ta lalace. Ba a bukatar ɗalibin harshe ya zama injiniya. Ya iya zana alaƙar kalma da ma'ana da yanki da mai ba da bayani, ya rubuta tambaya mai sauƙi da SQL, ya isa.

Abin da zai yi wuya shi ne jadawalin karatu, domin tsangayoyin biyu ba sa zama aji ɗaya, kuma kowace tana kishin makinta. Ana iya farawa da kaɗan: kalmomi ɗari biyar daga kundayen da ke ajiye a sashenmu, rukuni na mutum huɗu, biyu daga kowane ɓangare, malamai biyu su duba aikin tare a ƙarshen zango.