Kamancin Suna Ba Hujja Ba Ne

Tun daga shekarar 2021, sa'ad da aka kwashe ɗalibai mata daga makarantar Jangebe ta ƙasar Talata Mafara ranar 26 ga Fabrairu, aka auka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura cikin watan Agusta, sa'an nan aka shiga makarantar Kaya ta ƙasar Maradun ranar 1 ga Satumba, maganar da ta yawaita a bakin masu mulki da masana ita ce a tattara bayanan miyagu cikin kwamfuta, a haɗa su da layukan waya da lambar zama ɗan ƙasa, domin mai bincike ya danna suna ya ga duk inda mai sunan ya taɓa bayyana. Ina tare da su, gama wanda ya tuna yadda aka fara shelar cewa 'yan matan Jangebe 317 ne, daga baya aka tabbatar 279 ne, ya san rajistarmu tana bukatar gyara. Sai dai akwai wata mas'ala da ake tsallakewa, alhali kuwa a kanta aikin zai tsaya ko ya rushe, watau mas'alar sunaye.

Mutumin ƙasar nan ba da suna ɗaya yake yawo ba. Wanda liman ya raɗa wa Abubakar ran suna, uwarsa, in ɗan fari ne, ba za ta taɓa ambaton sunan ba saboda kunya, a gida Garba ne ko Buba, abokansa na ce masa Habu, malamin firamare kuma ya rubuta shi da sunan garinsu, kamar yadda aka saba tun zamanin Turawa. Usman Shehu ne, Umaru Sanda ne, Hauwa'u Kulu ce, A'ishatu Indo ce. Bayan wannan ga karin harshen yamma, inda Yusufu yake komawa Isuhu, Mafara kanta ta zama Mahwara a bakin masu ita. In kuwa takardar daga hayin Nijar ta fito, Shu'aibu ya zama Chaibou, Usman ya zama Ousmane. Ɗan sandan da ke riƙe da littafin caji ofis, wanda galibi ba ɗan yankin ba ne, abin da kunnensa ya jiyo shi zai rubuta, ba ƙugiya a kan ɗ ko ƙ. To, na'urar da ba ta san kome ba sai daidaita harafi da harafi, mutum guda zai zame mata mutum biyar.

Wannan ba tatsuniya ba ce, ya faru ga waɗanda suka fi mu kayan aiki. Cikin watan Nuwamba na 2009 mahaifin Umar Faruk Abdulmutallab ya tafi ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya kai kukan ɗansa, amma da aka nemi sunan cikin kwamfuta an kuskure rubutunsa, aka ɗauka ba shi da biza, har ya hau jirgin Detroit ranar 25 ga Disamba. Rahoton fadar shugaban Amurka da kansa ya ambaci wannan kuskure.

Magani biyu masu ƙera manhajar bincike suka tanada. Na farko shi ne nema ta hanyar lafazi, kuma mafi tsufan ƙa'idojinsa ita ce Soundex, wadda Robert Russell ya yi wa rajista a Amurka a 1918. Duk wanda ya karanta tajwidi zai gane ta nan da nan, domin kan kusancin mafitar haruffa aka gina ta: a riƙe harafin farko, a zubar da wasula, a ba baƙaƙe masu kamancin furuci lamba ɗaya. Da haka Muhammad da Mohammed duk suna komawa M530, sai na'ura ta haɗa su, madalla. Amma Mahmud ma M530 ne, ga shi kuwa suna ne dabam. Mamman, wanda shi ne Muhammadun ainihi, ya faɗa M550, ya kuɓuce. Usman U255 ne, Ousmane O255, harafin farko kawai ya raba su. Abin da ya fi ba da dariya, in da abin dariya ne, Bakura ta Zamfara da Bakori ta Katsina da mutumin da ake kira Bukar duk B260 ne. An yi gyare-gyare daga baya, irin su Metaphone ta Lawrence Philips a 1990, amma dai da kunnen mai jin Ingilishi aka auna su tun asali.

Magani na biyu shi ne jadawalin mutaradifai, watau a sanar da na'ura cewa kaza da kaza abu ɗaya ne, domin babu wata dabarar lafazi a duniya da za ta gano cewa Garba shi ne Abubakar. Sai an faɗa mata. Amfaninsa a bayyane yake, ko don laƙabin ɓarayin daji. Wanda 'yan sandan Katsina suka sa tukuicin naira miliyan 5 a kansa a 2020, aka kuma naɗa shi Sarkin Fulani a 'Yandoto cikin Yulin 2022, jaridu sun rubuta shi Aleru, sun rubuta Aliero, sun rubuta Alero, wani sa'i Ado, wani sa'i Adamu. Haka kuma rahoton da ya ce mahara, da wanda ya ce 'yan bindiga, da wanda ya ce ɓarayin daji, ya kamata su fito tare in an neme su.

A nan ne fa hatsarin yake, domin wanda ya rubuta jadawalin nan ya rubuta hukunci ne ba tare da ya zauna kan kujerar alƙali ba. Kachalla muƙami ne, ba sunan yanka ba, Dogo kuwa kowane ƙauye yana da nasa. 'Yan sa-kai dabam, 'yan banga dabam, Askarawan da gwamnatin jihar Zamfara ta ƙaddamar a Janairun 2024 dabam. Ran da wani ma'aikaci a Abuja ko Ikko, bisa ga jahilci ko bisa ga son zuciya, ya sa Bafillace da ɗan bindiga cikin layi ɗaya, ya zuba wa na'ura irin zaton da ya taimaka wajen hura wutar wannan fitina tun farkonta, ita kuwa na'ura ba ta gajiya, ba ta jin kunya, za ta yi ta maimaita shi a kowane shingen bincike tsakanin Gusau da Sakkwato. A Amurka, a 2004, an yi ta tsai da Sanata Edward Kennedy a filayen jirgin sama don sunansa ya yi kama da wani da ke cikin jerin waɗanda ake tuhuma. Shi da yake sanata sai da ya kai kuka ga shugabannin tsaro kafin a warware. Ina ga manomin Bakolori da aka sauke daga mota ran kasuwar Talata?

Abin mamaki shi ne malamanmu sun daɗe da gama wannan karatu. Ma'abota ilmin hadisi, da yake ingancin ruwaya ya rataya ga sanin wanda ya ruwaito, sun ware babi ga sunayen da rubutunsu ɗaya lafazinsu dabam, irin Salam da Sallam, suka kira shi mu'utalif da muhtalif. Suka ware wani ga mutanen da sunansu da na ubansu ya zo ɗaya alhali su dabam ne, muttafiƙ da muftariƙ, wanda Haɗibul Bagadadi ya yi wa littafi sukutum. Suka kuma bi diddigin mutum guda da aka ambata da sunaye barkatai don a ɓoye rauninsa. Ba su taɓa yanke hukunci da suna kaɗai ba. Sukan duba wa ya karantar da shi, wa ya ɗauka daga gare shi, wane gari ya zauna, yaushe ya rasu. Zamfara, jihar da ta riga kowa shelar shari'a a 1999, a ƙarƙashin gwamna ɗan Bakura, bai kamata a koya mata bambancin zato da bayyina ba.

Saboda haka ra'ayina shi ne a bar na'ura ta yi aikin tarawa, ta faɗaɗa yadda ta iya, amma rarrabewa ta zama ta mutum. Jadawalin sunaye da laƙabobi a damƙa shi ga waɗanda suka san bakin ƙasar: malaman Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ta Tarayya da ke Gusau, da na Kwalejin Abdu Gusau da ke Talata Mafara, da magatakardan kotunan shari'a, da limamai, da masu jin Fillanci, a kuma rubuta sunan wanda ya ƙara kowane layi da hujjarsa. Kada a tsare kowa kan kamancin suna sai an sami shaida ta biyu, ko zanen yatsa, ko hoto, ko sunan uba da na ƙauye wanda dagaci ya tabbatar. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba mutum haƙƙin neman a gyara abin da aka rubuta a kansa bisa kuskure, amma makiyayin Maradun ba zai tafi Abuja neman wannan haƙƙi ba; a buɗe masa tebur a sakatariyar ƙaramar hukumarsa, da ma'aikaci mai jin harshensa, kafin a kunna na'urar.